Nikola Pashich na Sabiya: gwanin siyasa ne, ko tsawon rai ne ya taimake shi?

Mai Taswira:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya karanta yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke zai ci karo da sunan Nikola Pashich, firaministan Sabiya mai dogon farin gemu, amma yawanci a layi biyu ake wuce shi. An haife shi a Disamba 1845 a yankin Zayechar, gabashin Sabiya, dab da iyakar Bulgeriya. Injiniya ne, gwamnati ta tura shi karatu Zurich a 1868. Ya shiga majalisa a 1878, ya zama firaminista karon farko a Fabrairu 1891, ya sauka karon ƙarshe a Afrilu 1926 yana da shekara 80. A tsakani an yanke masa hukuncin kisa, an ɗaure shi, ya yi zamani da sarakuna huɗu daga gidajen sarauta biyu da ba sa ga maciji da juna. Tambayata: me ya riƙe shi haka? Iyawa ce, ko kuwa abokan hamayyarsa ne kawai suka riga shi kwanta dama?

Hajiya Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin jam'iyya. Kafin 1881 abin da ake kira jam'iyyu a Sabiya ƙungiyoyin manyan ma'aikata ne da 'yan boko na Belgrade, sarki ya kira wannan ya kafa gwamnati, gobe ya kira wancan. Pashich da abokansa irin su Pera Todorovich suka kafa jam'iyyar Radikal a Janairu 1881, suka yi abin da ba a saba ba: suka sauka ƙauye. Kowace gunduma da kwamitinta, ana rajistar mambobi, ana biyan kuɗin ƙungiya, ga jaridarsu Samouprava, ma'ana mulkin kai. Malaman firamare da limaman coci na karkara su ne jijiyar aikin. A babban taron Kraguyevac na 1882 aka zaɓe shi shugaba.

Abin da suka yi wa talaka alkawari kuma a fili yake: a rage haraji, a rage yawan ma'aikatan da Belgrade ke turowa, gunduma ta zaɓi shugabanninta, majalisa ta fi sarki iko. A ƙasar da sama da kashi 80 cikin ɗari manoma ne, wanda ya riƙe ƙauye ya riƙe akwatin zaɓe. Pashich bai iya jawabi ba, ana ma yi masa dariya saboda karin harshensa na gabas da yadda yake kwaɓa nahawu, amma ya san wane ne wane a kowace mazaɓa. Manoma suna kiransa Baja, a furta Baya, wato kamar a ce yaya ko babban wa.

Lauyan Zaure:
Kafin a yi nisa, a kula da kwanan wata. Sabiya tana kan tsohuwar kalandar Juliyas har 1919, wadda ke bayan tamu da kwana 12 a ƙarni na 19, kwana 13 daga 1900. Shi ya sa juyin mulkin da suke kira na Mayu 1903 a lissafinmu 11 ga Yuni ne. In kun ga littattafai biyu sun saɓa da kwana 13, ba kuskure ba ne.

Ɗan Gwandu:
Hajiya, ranki ya daɗe, jam'iyyar nan da kike yabo ita ta jefa manoman cikin wuta a 1883, shi kuma ya tsallake ya bar su. Radikal sun ci zaɓen Satumba, Sarki Milan Obrenovich ya ƙi ba su gwamnati, ya naɗa Nikola Hristich, tsohon ɗan sanda mai hannun ƙarfe. Sai aka ba da umarnin karɓe bindigogin da dakarun sa-kai ke ajiyewa a gidajensu, don an kafa rundunar soja ta dindindin. Samouprava ta zuga mutane kada su miƙa. Ƙauyukan kwarin Timok suka yi bore, soja da sababbin bindigogin Mauser suka murƙushe su cikin 'yan kwanaki, aka harbe kimanin mutum 20, ɗaruruwa suka tafi kurkuku. Aka kama shugabannin jam'iyya a Belgrade. Pashich fa? Ya haye ƙasar Ostiriya-Hangari, ya zarce Bulgeriya. Hukuncin kisan da Malam ya ambata a bayan idonsa aka yanke. Shekara shida yana waje.

Hajiya Mai Alli:
To da ya tsaya an harbe shi, me manoman za su ƙaru da shi? Gudun nan ma shi ya ɗaga sunansa. Waɗanda suka zauna a kurkuku wasunsu sun sasanta da Milan don a sake su, shi kuwa ya dawo a 1889 ba tabo. Milan ya sha kashi a hannun Bulgeriya a Slivnitsa a 1885, ya rasa mafita, ya amince da kundin tsarin mulki na 1888 wanda ya kawo ƙuri'ar sirri ya kuma bai wa duk namijin da ke biyan harajin dinari 15 damar zaɓe, sannan ya sauka ya bar wa ɗansa Alekzanda mai shekara 12. Aka yi wa Pashich afuwa, ya zama shugaban majalisa, ya zama magajin garin Belgrade, ya zama firaminista. Duk cikin shekara biyu.

Ɗan Gwandu:
Na yarda da wannan. Amma 1899 fa? A nan ne halinsa ya fito. Wani mai suna Jura Knezhevich ya harbi tsohon sarki Milan, wanda a lokacin ya dawo yana riƙe da rundunar soja. Milan ya samu hujjar da yake nema, aka tattara shugabannin Radikal. Rasha da Ostiriya sun matsa kada a kashe Pashich, amma ba a gaya masa ba, aka bar shi yana zaton harsashi na jiransa. Sai ya tashi a kotu ya amsa cewa jam'iyyarsa ta ƙyale masu adawa da gidan sarauta a cikinta, ya yi mubaya'a. Aka yanke masa shekara biyar, aka yafe masa nan take, abokansa suka wuce kurkuku da sarƙa. Matasan jam'iyyar ba su taɓa yafe masa ba. Daga nan ɓarakar ta faro har suka ɓalle suka kafa Radikal Masu Zaman Kansu ƙarƙashin irin su Lyubomir Stoyanovich.

Baba Tsohon Akawu:
Yara, ku duba abin da kyau. Abu ɗaya ne ya yi a 1883, ya sake yi a 1899, zai kuma yi a 1914 da 1918: in ƙarfi ya fi nasa sai ya duƙa, ya sa hannu kan abin da aka ce, ya jira. Ba ya jayayya da guguwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Bayan 1899 kowa ya ɗauka ya mutu a siyasa. Shekara huɗu kacal hafsoshin soja suka shiga fada cikin dare suka kashe Sarki Alekzanda da Sarauniya Draga, suka jefo gawarwakinsu ta taga, gidan Obrenovich ya ƙare. Pashich ba ya cikin makircin. Sabon sarki Bitrus Karajorjevich ya yarda ya yi mulki bisa kundin 1903, wanda kusan kwafin na 1888 ne, ma'ana mai rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati. Wa ke da rinjaye? Ga shi ministan harkokin waje a farkon 1904, firaminista a Disamba.

Mai Taswira:
Allah ya ƙara girma Baba. Ina so wani ya warware mana Yaƙin Aladu, don shi ake yawan kawowa a matsayin babbar nasararsa kafin yaƙe-yaƙen Balkan.

Baba Tsohon Akawu:
Ba harbi a ciki, yaƙin kwastan ne. Sabiya ba ta da teku. Kashi 80 zuwa 90 na abin da take fitarwa, aladu da shanu da busasshen 'ya'yan itace da hatsi, Ostiriya-Hangari ke saye. Duk ran da Vienna ta so ladabtar da Belgrade sai likitocin dabbobinta su gano wata cuta a kan iyaka. A 1905 Sabiya ta ƙulla yarjejeniyar kwastan da Bulgeriya, sannan ga batun sayen igwa: Vienna ta ce dole a saya daga kamfanin Skoda nata. Pashich ya dawo mulki a Afrilu 1906 ya ƙi, ya ba kamfanin Schneider na Faransa cinikin, da bashin da bankunan Faransa suka bayar. Vienna ta rufe iyaka.

Matsalar a aikace ita ce dabba mai rai ba ta jure doguwar tafiya. Don haka dole aka sauya sana'ar gaba ɗaya: aka gina mayanka da masana'antun sarrafa nama a cikin gida, ana fitar da kitse da naman gwangwani. Aka nemi hanya ta jirgin ƙasa zuwa tashar ruwan Salonika, wadda a lokacin tana hannun Daular Usmaniyya, da kuma ta kogin Danube zuwa Baƙin Teku. Aka samu kasuwa a Masar, Italiya, Faransa, Beljiyam, abin mamaki har da Jamus, ƙawar Ostiriya, wadda ta cinye kaso mai yawa na kasuwar da Vienna ta saki. Kafin a daidaita gaba ɗaya a 1911, cinikin Sabiya da waje ya fi na da. Igwogin Faransan nan kuma su aka harba wa sojojin Usmaniyya a Kumanovo a Oktoba 1912, a yaƙin Balkan na farko.

Lauyan Zaure:
Gyara kaɗan ga masu ba shi ladan ƙawancen Balkan. Yarjejeniyar Sabiya da Bulgeriya ta Maris 1912 aikin Milovan Milovanovich ne, wanda ya rasu a bazarar shekarar. Pashich ya karɓi gwamnati a Satumba, wata ɗaya kafin yaƙi. Nasa aikin shi ne bayan yaƙi. Manyan ƙasashe sun ƙirƙiro Albaniya suka toshe wa Sabiya hanyar teku, sai ya ƙi sakar wa Bulgeriya yankin Masedoniya da yarjejeniya ta ba ta, ya haɗa kai da Girka, ya bari Bulgeriya ta fara harbi a Yuni 1913. A sulhun Bucharest na 10 ga Agusta 1913 faɗin Sabiya ya tashi daga kimanin murabba'in kilomita 48,000 zuwa 87,000, jama'arta daga miliyan 2.9 zuwa wajen miliyan 4.4.

Ɗan Gwandu:
A faɗi kuma su wane ne ƙarin mutanen nan. Albaniyawa ne da Turkawa Musulmi na Kosovo da Masedoniya, da Slabawan da da yawansu ba su ɗauki kansu Sabiyawa ba. Kwamitin binciken Carnegie da ya zagaya yankin ya ba da rahoto a 1914 kan ƙone ƙauyuka da kashe fararen hula, kuma ɗan gurguzun Sabiya Dimitriye Tutsovich ya yi tir da abin tun a lokacin. Mutumin da ya yi suna da neman mulkin kai ga gunduma bai shimfiɗa wa sababbin yankunan cikakken kundin tsarin mulki ba, da dokokin ta-ɓaci aka mulke su, ba su da wakili a majalisa.

Hajiya Mai Alli:
Wannan gaskiya ne, ba musu. Kuma mulkin yankunan ne ya haɗa shi faɗa da soja. A 1914 gwamnati ta fitar da doka cewa a wajen bukukuwa jami'in farar hula ne gaba da hafsa. Ƙaramin abu a ido, amma ainihin tambayar ita ce wa ke mulkin ƙasar. Kanar Dragutin Dimitriyevich, wanda ake kira Apis, ɗaya daga makasan 1903, shugaban leƙen asirin soja kuma jigon ƙungiyar asiri ta Baƙin Hannu, ya so a tumɓuke Pashich. A farkon Yuni Pashich ya yi murabus, jakadan Rasha Hartwig ya tsaya masa, ya dawo, Sarki Bitrus ya miƙa riƙon sarauta ga ɗansa Alekzanda a 24 ga Yuni, aka sa zaɓe a Agusta. Kwana huɗu bayan haka aka harbe Franz Ferdinand, mai jiran gadon sarautar Ostiriya-Hangari, a Sarayevo, da makaman da suka fito ta hannun mutanen Apis.

Mai Taswira:
To ya sani ko bai sani ba?

Lauyan Zaure:
Shaidar da ake da ita biyu ce. Ministan ilimi na lokacin, Lyuba Yovanovich, ya rubuta a 1924 cewa Pashich ya gaya wa ministoci wasu na shirin tafiya Sarayevo, aka kuma ba da umarni a tare su a iyaka, amma masu gadin iyakar mutanen Baƙin Hannu ne. Pashich ya ƙaryata a 1926. Na biyu, jakadan Sabiya a Vienna ya je wa ministan kuɗin Ostiriya-Hangari Bilinski da wata magana a dunƙule cewa ziyarar Franz Ferdinand zuwa Sarayevo na da haɗari, ba suna, ba bayani. Masana sun rabu a kai. Ni fahimtata ya ji ƙishin-ƙishin, ya rasa yadda zai yi: in ya tona, soja su ci shi ana gab da zaɓe; in ya yi shiru, Vienna ta ci ƙasar. Sai ya yi rabi da rabi.

Amsar wa'adin da Ostiriya-Hangari ta ba Sabiya bayan kisan kuwa darasi ce ga duk mai rubuta takardar gwamnati. Jakadan Ostiriya-Hangari Giesl ya kawo takardar ƙarfe 6 na yamma ranar 23 ga Yuli, sharuɗɗa goma, awa 48. Pashich yana kudu yana kamfen, ministan kuɗi Lazar Pachu ya karɓa. Ya dawo da asubahin 24. Ministoci suka yi ta sauya kalmomi har dab da cikar wa'adi, tafireta ta lalace, aka kwafe da hannu, har da gyare-gyare a jiki. Salon shi ne kowane sharaɗi a ce an karɓa, sannan a maƙala masa ƙaramin sharaɗi: za mu kori jami'an da kuka ce, da zarar kun kawo hujja. Na shida kaɗai aka ƙi a fili, wato jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin Sabiya, aka ce ya saɓa wa tsarin mulki, aka kuma ba da shawarar a kai batun kotun Hague. Ƙarfe 3 na rana an riga an ba da umarnin tara soja. Pashich da kansa ya kai takardar ana saura minti biyar 6 ta cika ranar 25. Giesl ya duba, ya ce ba ta gamsar ba, ya kama jirgin ƙasa na 6:30, don kayansa a ɗaure suke. Sarkin Jamus Wilhelm da ya karanta ta ya ce ai babu sauran dalilin yaƙi. Ranar 28 talgiram ɗin shelar yaƙi ya iske Pashich a Nish.

Baba Tsohon Akawu:
Apis bai tsira ba. Bayan an ci Sabiya a ƙarshen 1915, soja da gwamnati suka keta duwatsun Albaniya cikin hunturu zuwa tsibirin Korfu, sai Alekzanda da Pashich suka ga lokaci ya yi. Aka zargi Apis da yunƙurin kashe mai riƙon sarauta, aka yi shari'a a Salonika, aka harbe shi da mutum biyu a 26 ga Yuni 1917. Ministocin adawa suka fice daga gwamnatin haɗin gwiwa. Kotu a Belgrade ta sake duba shari'ar a 1953 ta wanke su. Amma a lura, wanda ya fi cin riba Alekzanda ne, don daga ranar soja ya zama nasa shi kaɗai. Pashich ya taya shi kawar da kura, ya wayi gari da zaki.

Ɗan Gwandu:
Yawwa Baba, mun iso inda nake so. Duk dabarun nan an ƙera su ne don ƙaramar ƙasa mai harshe ɗaya da coci ɗaya, inda rabi da ɗaya ya isa ka yi mulki. Da aka shiga Yugoslabiya, sabuwar ƙasar da ta haɗa Sabiya da Kuroshiya da Sulobeniya da Bosniya da sauransu, sai suka zama guba. A sanarwar Korfu ta 20 ga Yuli 1917 shi da Ante Trumbich na Kuroshiya sun amince cewa kundin sabuwar ƙasa sai da rinjaye na musamman, amma ba a rubuta adadi ba. A Geneva, Nuwamba 1918, ya sa hannu kan gwamnatin haɗin gwiwa da majalisar Zagreb, babban birnin Kuroshiya, rabi da rabi, cikin kwanaki aka warware ta bayan na hannun damansa Stoyan Protich ya yi murabus. Sojan Italiya na shigowa Dalmashiya, 'yan Zagreb suka ruga Belgrade ba tare da sharaɗi a rubuce ba, duk da Stjepan Radich, jagoran manoman Kuroshiya, ya gargaɗe su kada su afka kamar dinya cikin hazo. Aka yi shelar haɗewa 1 ga Disamba.

Lauyan Zaure:
Ga lissafin 1921, don a nan komai yake. Zaɓen majalisar tsara kundin mulki na 28 ga Nuwamba 1920, da ƙwallayen roba aka yi shi saboda yawan marasa karatu: kowace jam'iyya da akwatinta, mai zaɓe ya zura dunƙulallen hannu a kowane akwati, ya saki ƙwallon a wanda yake so. Kujeru 419. Dimokurat 92, Radikal 91, jam'iyyar manoman Kuroshiya ta Radich 50, 'yan kwaminis kusan 60. Dokar zaman majalisa ta fassara rinjaye na musamman da rabin kujeru da ɗaya, wato 210. Radikal da Dimokurat 183 ne, saura 27.

Pashich, wanda ya dawo firaminista a Janairu 1921, ya je kasuwa. Ƙungiyar Musulmin Yugoslabiya ta Mehmed Spaho tana da kujeru 24. Farashinta: diyya ga masu gonakin Bosniya da gyaran dokar filaye ya ƙwace wa ƙasa, a bar Bosniya cikin iyakokinta na tarihi, wanda ya zama sashe na 135, a kuma bar alƙalan shari'ar Musulunci su ci gaba da hukunci kan aure da gado. Jam'iyyar Jemiyet ta Musulmin Kosovo da Masedoniya, kujeru 8, ita ma diyyar filaye. Sai wasu manoman Sulobeniya. Ranar 28 ga Yuni 1921: 223 sun amince, 35 sun ƙi, 161 ba sa zauren. Kundin ya tattara iko a Belgrade, daga baya aka yanka ƙasar larduna 33.

Hajiya Mai Alli:
Amma Radich shi ya ƙaurace wa majalisa da kujeru 50. Da ya shiga ya haɗu da Sulobeniyawa da Trumbich da Protich, wanda shi kansa ya rubuta daftarin raba iko ga larduna ya kuma ɓata da Pashich a kan haka, da farashin kowace ƙuri'a ya tashi. Kuma ku tuna Sabiya ta rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta a yaƙin, ga Italiya da Hangari da Bulgeriya kowa na haƙon wani yanki. Dattijon da ya ga wannan ba zai yarda da sassauƙan tsari cikin sauƙi ba.

Ɗan Gwandu:
Uzuri ne mai ƙarfi Hajiya, amma sakamakon fa? Ƙuri'un Radich ƙaruwa suka yi, kujeru 70 a 1923. Ya je Mosko a 1924, Pashich ya sa aka kama shi a Janairu 1925, aka yi zaɓe yana tsare ya sake kawo 67. Sai tsohon ya koma sana'arsa: a Yuli 1925 ya kafa gwamnati da jam'iyyar mutumin da ya ɗaure, kafin ƙarshen shekara Radich ministan ilimi ne. Ciniki ya yi, amma matsalar tana nan, har wani ɗan majalisar Radikal, Punisha Rachich, ya harbi Radich a zauren majalisa a Yuni 1928.

Baba Tsohon Akawu:
Wannan Pashich bai gani ba. Abin da ya kayar da shi daga gida ya fito: zargin almundahana a kan ɗansa Radomir, wanda 'yan adawa da Radich ɗin kansa suka yi ta kaɗawa a majalisa, har wasu 'yan Radikal suka bi sahu. Ya sauka a Afrilu 1926, sarki ya ɗora Nikola Uzunovich daga cikin jam'iyyarsa. Alekzanda dama tun 1918 ya ƙi ba shi firaministan farko na sabuwar ƙasa, ya tura shi taron sulhu na Paris. A 9 ga Disamba 1926 ya je fada yana neman a sake ba shi gwamnati, sarki ya ƙi. Washegari ya rasu, saura kwanaki kaɗan ya cika 81.

Mai Taswira:
Lauya, sashe na 135 ɗin nan ya daɗe kuwa?

Lauyan Zaure:
Shekara takwas. Alekzanda ya soke kundin gaba ɗaya a 6 ga Janairu 1929, a Oktoba ya raba ƙasar manyan larduna tara, Bosniya ta watsu cikin huɗu daga cikinsu.